Waƙa Uku, A Juya Tiyo

Tamu ba ya jin gyara, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Tun yana ƙarami, in aka ce hularsa ta karkace sai ya sa hannu ya ƙara karkata ta. Da ya girma ya buɗe rumfar gyaran injin ban-ruwa a Jega, abin da yake fara gaya wa baƙo shi ne ya ajiye injinsa a nan, shawararsa kuwa ya koma da ita gida. Ni ƙanwar ubansa ce. A ɗakin da ke jikin nawa aka haife shi a Danwarai, aka raɗa masa Mas'ud, kakarsa ta laƙaba masa Tamu, sunan ya bi shi. Don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba, kuma ba zan shafa masa mai ba don yana jinina.

Karatu bai yi nisa ba. A aji biyu na ƙaramar sakandare ya yi musu da malamin lissafi, ya ɗauko jakarsa ya dawo gida, duka da lallashi suka kasa mayar da shi. Ubansa ya kai shi Jega wurin wani makaniki. Sau biyu ana koro shi, sau biyu ana aiko a ce ya dawo, saboda yana da abin da maigidan nasa ba shi da shi, wato kunne. Manomi zai sauke inji daga kan babur yana bayani, Tamu ya ɗaga masa hannu ya yi shiru, ya ja igiya, ya saurara kamar mai jin gulma ta bayan zana, sannan ya faɗi ciwon. Ba kasafai yake kuskure ba. Wannan ne ya ƙara lalata shi, don mutumin da yake yawan yin daidai wuyar gyara gare shi.

Yana da wata al'ada a wurin aiki. Duk injin da ya gama gyarawa, sai ya auna fetur cikin gwangwanin madara guda ya zuba masa, ya tayar, ya zauna a kan benci har man ya ƙare. In inji ya cinye gwangwanin bai yi tari ba, ya warke. A wannan zaman ne yake waƙa. Injin na bugawa, shi yana bin bugun da baki, yana kaɗa sifana a gwiwa. In man ya ƙare injin ya mutu, waƙa ma ta ƙare. Da haka ya tara waƙoƙi bakwai cikin 'yan shekaru, kowace tsawonta gwangwani guda, wajen minti takwas.

A shekarar 2010 ya ce zai yi albam. Akwai wani Yusufu a Jega mai ɗaki guda da ya manna wa katifu a bango, da fiyano da kwamfuta, yana ɗaukar waƙoƙin biki da na 'yan siyasa. Yusufu ya saurari waƙoƙin ya ce sun yi tsawo, gidan rediyo ba zai sa ba. Ya ce kiɗan ya yi gudu. Sannan ya ce in ana son albam ya shiga kasuwar Kano, sai an daina "mi" da "wagga" da "munka tahi", a yi Hausar da ake ji a fim. Washegari Tamu ya ɗauko inji a bayan babur ya girke a ƙofar ɗakin, ya zuba gwangwani guda ya tayar, ya ce wa Yusufu ga kiɗan nan ga tsawon nan, ya bi da fiyanonsa ko ya nemi wani. Maƙwabta suka fito suna faɗa. Yusufu ya bi.

Zan faɗi gaskiya game da muryarsa: ba ta da zaƙi. Ƙarfi gare ta, irin ta wanda ya saba magana a kan ƙarar inji. Waƙoƙin kuma ba su yabi kowa ba, ba su roƙi kowa ba, ba wanda ya ce zai mutu don an ƙi shi. Ta farko a kan mutumin da motar albasa ta tafi ta bari ne saboda ya tsaya shan fura. Akwai ta wanda ya je zance da takalmin aro, mai takalmin ya biyo shi. Ta shida, wadda mata suka fi so, ana ce mata "Ɗan Kunne Guda", wata ce ta yar da ɗan kunnenta a fadama, ta hana kowa ban-ruwa sai an nemo. Duk shirme ne, amma shirmen da in ka ji sai ka ga ƙafarka na motsi ba da izininka ba.

Ya buga faifai ɗari uku ya hau mota zuwa Kano. Kwana huɗu ya yi. Abin da ya faɗa da ya dawo shi ne, wani dillali ya sa faifan, ya kira maƙwabtansa su zo su ji yadda ake cewa "mi kac ce", suka yi ta dariya, sannan ya miƙo masa ya ce ya kai wa mutanensu. Gidan rediyo ya sa rabin waƙa ɗaya sau ɗaya, aka katse da sanarwar ɓatan akuya. Faifan suka zauna a kwali ƙarƙashin gado har matarsa Humaira ta fara huda su tana ratayawa a gonar gero don korar tsuntsaye. Sauran ya riƙa ba duk wanda ya kawo gyara, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Daga baya masu tura waƙa a waya suka kwafe, ta shiga memori.

Yanzu sai na yi bayanin rijiyarmu, don a nan labarin ya juya. A fadamar Danwarai mu biyar ne muka haɗu a rijiya ɗaya da inji ɗaya. Ni na gaji nawa rabon daga mijina, ɗana Hafizu ne ke noma shi. Mai gonar da ke jikin tasa Alu ne, abokinsa tun suna kiwon awaki, wanda har yayensu rana ɗaya aka yi. In an tayar da inji ba a son kashewa, don in ruwa ya koma sai an sake ɗura masa ana ja ana zufa. Saboda haka tanki ɗaya ake cikawa, a riƙa juya tiyo daga gonar wannan zuwa ta wancan. Rigima kullum a kan lokacin juyawa take. Agogon wannan ya yi gaba, na wancan ya tsaya, mai waya yana can ƙarshen gona ba wanda ya ga abin da ya gani.

Alu ne ya fara rataye rediyo mai memori a jikin bishiyar da ke bakin rijiya, don nishaɗi kawai. Cikin mako guda suka lura da abu biyu. Muryar Tamu ce kaɗai ke ƙetare ƙarar inji ta kai ƙarshen gona. Sannan waƙoƙin duk tsawonsu ɗaya. Sai aka yanke: kowa waƙa uku, a juya tiyo. Ba wanda zai ce an cuce shi, don kowa da kunnensa ya ji an shiga ta ukun, ya ji an fita. Har suka gano cewa in inji ya fara ja baya ga kiɗan, to filogi ya yi datti ko mai ya yi ruwa. Kafin rani uku, abin ya kai Kashin Zama, ya kai fadamun Jega, ya gangara Maiyama. Mutum zai ce wa ɗan'uwansa ya jira shi waƙa biyu. Mace za ta ce shinkafa saura waƙa guda ta nuna.

Wasu na cewa don agogon ne kawai albam ɗin ya daɗe. Ban yarda ba, kuma ni ba mai son kiɗa ba ce. An gwada wasu. An sa waƙoƙin manyan mawaƙa na birni a wata rijiya, ranar farko aka yi rawa, rana ta huɗu aka fara tsaki, kafin mako wani ya cire batir. Na Tamu an ji su kowace safiya, rani goma sha uku, ba wanda ya ce a canja. Na zauna da mata masu tsince ruɓaɓɓiyar albasa a bakin rudu, inda ake jibge ta a kan kara ta jira tsada. Aiki ne mai wari da sa hawaye, amma in aka zo inda mai ɗan kunne ke cewa "ku kashe injinku, zinarina na cikin laka", sai ka ji tsofaffi sun amsa gaba ɗaya suna dariya, kamar yau suka fara ji. Ina ganin dalilin shi ne waƙoƙin ba su neman komai a wurinka. Ba su ce ka yi kuka ba, ba su ce ka zaɓi wani ba. Kuma da bakinmu suke magana. Yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi su sun haddace su kafin su haddace karatun aji ɗaya.

Shi mai waƙar bai ga haka ba. Abin ya riƙa cinsa. A tasha ana kiransa Mai Agogo, ba ya amsawa. Wani dattijo daga Kashin Zama ya zo har rumfa da girmamawa, ya roƙe shi ya ƙara waƙa biyu su zama tara, don rabo ya riƙa fita daidai uku-uku. Tamu ya kore shi da injinsa ba gyara. Ba a taɓa gayyatarsa biki ya yi wasa ba, ba a taɓa buga hotonsa a ko'ina ba. Da yawa ma masu jin waƙar ba su san mai gyara musu inji ne ya yi ta ba. Ga kunnensa na hagu da inji ya fara cinyewa, sai ka zagayo ta dama yake jinka.

A 2023 Fahad ya same shi. Fahad ne ya karɓi ɗakin Yusufu bayan Yusufu ya rasu, ya zubar da tsohuwar kwamfutar da duk abin da ke cikinta, ya zuba sabbin kaya. Ya nuna wa Tamu a waya cewa wani ya yanko ɗan guntun "Ɗan Kunne Guda" ya sa a kan hoton 'yan mata na rawa, mutane a birane sun yi ta tambayar wane ne. Ya ce masa lokacinsa ya zo, amma sai an sake ɗauka: a rage kowace waƙa ta dawo minti uku da rabi, a sassauta kiɗan, a wanke muryar da na'ura, a mayar da kalmomin Hausar Kano. Duk abin da Yusufu ya faɗa aka kawo masa inji ƙofa, shi Fahad ya faɗa. Shekara arba'in da biyu Tamu bai ji gyaran kowa ba. Ranar da ya tashi ji, sai ya ji wannan.

Bai tsaya nan ba. Fahad ya ce tsohuwar za ta kashe wa sabuwar kasuwa. Sai Tamu ya hau babur ya bi masu tura waƙa na Jega da Aliero da Maiyama rumfa rumfa, ya ce su goge tsohuwar su sa sabuwar, da sunaye iri ɗaya. Shi ke gyara musu janareta, ba wanda ya musa. Na ji labari na aika a kira shi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ladabin gaisuwa dai ba a raina masa. Na tambaye shi ko ya san abin da ake yi da waƙoƙin nan a fadama. Ya ce ya sani sarai.

"Goggo, waƙa niy yi, ba agogo ba. Shekara goma sha ukku ba wanda yat tare ni yac ce, Tamu wagga waƙa ta yi daɗi. Sai dai a ce man ta biyu ta ɗara ta ukku da numfashi guda."

Na ce masa, "Wanda yas saurare ka sau dubu bai gaji ba, mi kaka so shi ƙara ce maka?"

Ya ce su sayi agogo. Ya tashi ya kaɗe wandonsa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani. Wani ɓangare na zuciyarsa so yake abin ya watse, ya ga ko za a tuna da shi.

Sabon albam ya fita. Na ji shi a wayar jikata. Muryar kamar an sa ɗan akuya cikin tulu, sumul, ba ta kowa ba. Mai ɗan kunne ta koma cewa "me ya sa" da "mun tafi", kamar baƙuwar da aka kawo daga nesa. A birni ya yi kwana goma ana tura shi, sannan wani abu ya fito aka manta. A fadama mutane suka yi tsaki suka ci gaba da tsohuwar, waɗanda suke da ita. Amma memori ba dutse ba ne. Yana lalacewa, waya na faɗawa ruwa, yara na gogewa su sa wasa. Duk wanda ya koma wurin masu turi, sabuwar ake ba shi. A hankali tsohuwar ta riƙa ƙarewa ba wanda ya lura, kamar gishiri a kwano.

A ranin 2024 memorin rediyon rijiyarmu ya fara tsalle. Alu ya kai Aliero a duba. Mai turin ya ga waƙoƙi huɗu na ƙarshe ne suka lalace, ya goge su ya sa sabbi, ya bar ukun farko yadda suke. Rediyon kullum daga farko yake tashi, kuma a tsarinmu Alu ne ke fara sha, Hafizu na biye. Don haka kowace safiya Alu na samun tsofaffi uku, wajen minti ashirin da huɗu, Hafizu na samun sabbi uku, da ƙyar su wuce goma. Na bayansu kuwa abin ya cakuɗe, yau doguwa gobe gajera.

Da fari abin dariya ne. Hafizu ya ce an ba shi waƙar 'yan birni, su ba su san ƙishirwa ba. Alu ya ce ai Hafizu ya daɗe yana son zama ɗan gayu, ga shi Allah ya kawo masa har gona. Aka yi kwana uku ana haka. Amma ƙarshen Fabrairu ne, zafi ya shigo, albasa ta fara kai, lokacin da in ta sha wahala ba ta mantawa. Fangali huɗu na ƙarshen gonar Hafizu ruwa bai kai musu ba, ganye ya fara kwanciya. Hafizu ya ce a sauya layi ko a ƙara masa waƙa uku. Alu, wanda shi ma bara ya yi asara kuma yana tsoron bana, ya daina dariya.

"Waƙa ukku dattawa sunka ce. Ba su ce doguwa ko gajera ba."

Sauran ukun kowa ya duba inda ribarsa take ya yi shiru. Ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar waƙa ta uku ta Alu, Hafizu ya je ya ciro tiyo ya ja zuwa gonarsa. Alu ya biyo shi da shebur. Daga baya Alu ya ce tiyon ya so bugewa. Wataƙila gaskiya ne. Ƙotar ta sauka a hannun Hafizu na dama, ƙashi biyu suka karye ƙasa da gwiwar hannu, rediyo na can bisa bishiya yana ta waƙar takalmin aro.

Aka kai Hafizu Aliero wurin masu ɗori. Ina zaune a kan tabarma a zaure ina jin ɗana, mai 'ya'ya biyar, yana kiran sunan Allah ana ja masa hannu, sai ga Tamu ya shigo da man inji a riga. Ya tsaya bai san inda zai sa idonsa ba. Ban ɗaga murya ba, ban saba ba. Na ce ya zagayo da kunnensa mai ji, ya zagayo. Na ce ya saurara da kyau, tunda yana son a ce masa wani abu a kan waƙarsa, ga shi can ana faɗa a ɗaki. Ya tsaya har aka gama ɗorin. Da aka fito da Hafizu hannu cikin karare, Tamu ya matsa zai kama shi, Hafizu ya ce masa, "Bari, yaya. Ba kai kab buge ni ba." Ina ganin da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Dattawa suka zauna aka yi sulhu na baki. Aka sauke rediyo daga bishiya. Yanzu da agogon waya ake juyawa, mutum ɗaya ke riƙewa, sauran na zarginsa. Biyu cikin biyar sun fita sun haƙa tasu. Hannun Hafizu ya haɗe amma a karkace, ba ya ɗaga buhu. Shi da Alu in sun haɗu a masallaci kowa na duban tabarmarsa. Abin da ya faru a rijiyarmu ya fi muni, amma ba mu kaɗai ba ne, an yi cacar baki a wasu rijiyoyin har aka daina sa waƙar gaba ɗaya.

Bayan kwana tara da ɗorin wani ya kawo wa Tamu ƙullin leda a rumfa, ya ce Alu ne ya aiko, ba saƙo. Memorin rediyon rijiya ne. Humaira ta ce ya sa a waya ya manna a kunnen dama, ya ji tsofaffin ukun a jere, ya sake ji, abinci ya huce a gabansa. Ya yi shekaru bai saurare su ba, don haushi. Da ya gama abin da ya ce mata kawai shi ne, ashe Yusufu ya iya fiyano. Washegari ya rufe rumfa ya fita neman sauran huɗun.

Ya koma wurin masu turin da ya sa suka goge, ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ko wani ya saɓa masa ya ɓoye. Ba wanda ya saɓa. Wani a Maiyama ya ce masa, ai kai ka tsaya a kaina har na danna. Ya je wurin Fahad, Fahad ya ce shi bai taɓa ajiye tsohuwar ba, daga bakin Tamu ya ɗauki sabuwar. Ya kwance faifan da suka rage a gonar gero, rana ta cinye su, ko ɗaya bai tashi ba. Ta biyar ya same ta wurin wani direban babbar mota a kasuwar albasa ta Aliero, wanda ya ce ita ke hana shi barci a hanyar kudu shekara goma, kuma bai san an yi sabuwa ba.

Ta huɗu da ta bakwai a dajin Kuberi suke. Aka yi masa kwatancen rugar wani Abdu, makiyayi, da ake jin waƙar na tashi daga wajensa in ya kai shanu mashaya. Tamu ya je sau biyu bai same shi ba. Na uku ya tarar da shi a gindin bishiya da rediyo ɗaure da tsumma. Abdu ya ƙi ba da memorin. Ya ce shekara biyu ke nan bai shiga kasuwar gari ba, don yanzu in an ga mai sanda da rawani ba a tambayar sunansa kafin a yanke masa hukunci, shi ya sa ma waƙoƙinsa ba su haɗu da masu turi ba. Ya ce ya ji sabuwar a wayar wani mai sayen nono, ya ɗauka wani ne ya sace ya ɓata. Tamu ya ce shi ne mai waƙar, kuma shi ya ɓata. Abdu ya dube shi ya duba, ya kira matarsa da Fulatanci ta zo ta ga mutumin. Suka ba shi nono. Sannan Abdu ya yarda a kwafa a gabansa, hannunsa na kan rediyon har aka gama. Ta shida ba ta ciki. Ya ce 'yarsa ta goge ta bisa kuskure bara, har ya yi mata faɗa.

Shida ke nan. Saura "Ɗan Kunne Guda", wadda aka fi so, wadda aka fi turawa, don haka ita aka fi gogewa. Abin da ake samu sai guntun nan na daƙiƙa ashirin da ke kan hoton 'yan rawa. Na ce masa ya sake rerawa mana, ai shi ya yi ta. Ya gwada. Ya zuba gwangwani a inji ya zauna a benci kamar da. Ya yi baiti na farko, da ya shiga na biyu sai kalmomin Fahad suka fito masa. Ya sake, suka sake fitowa. Wata uku ya yi yana maimaita su a ɗakin ɗauka har suka hau kan na asali suka danne. Ya je wurin matan Kashin Zama su tuna masa, suka ba shi iri ɗaya. Matan Danwarai suka ba shi wani iri, har da baitin da ya rantse bai taɓa yi ba. Suka kusa faɗa a kan wa ya fi daidai, a gabansa, ba wadda ta tambaye shi. Ga kunnen daman ma ya fara bin na hagu, yanzu bugun injin a ƙafa yake jinsa ta jikin benci.

Shi a ransa in bakwai ɗin suka cika za a mayar da rediyo kan bishiya, Alu ya fara sha, Hafizu ya biyo, kamar ba a yi komai ba. Na gaya masa ban ga alama ba. Waƙa ba ta miƙe ƙashi, kuma na san ɗana, na san irin shirunsa. Ya ce ya ji, ya ci gaba da abin da yake yi. Shida da ya samu ya kwafa a memori fiye da talatin ya rarraba, wasu ya ba Humaira ta ɓoye cikin kwalla, ɗaya yana wurina cikin kwalbar magani.

Duk ranar kasuwar albasa yanzu yana Aliero tun safe, yana bin direbobi mota mota, masu zuwa kudu da masu ƙetare iyaka, don ya ce in tana raye to tana cikin wata mota ko wata tsohuwar waya a ƙasan akwati. Ya sa an ɗauki muryarsa ana turawa a waya daga wannan zuwa wancan. Na ji saƙon, ba shi da tsawo. Bayan sallama da faɗin sunansa, ga abin da ya ce:

"Ina roƙon duk wanda ke da tsohuwar 'Ɗan Kunne Guda', doguwar, wadda anka hwara da tarin Yusufu, don Allah kada shi kai wayatai wurin turi, kada shi ba yara. In ya same ta, ba sai ya zo wurina ba, ni ba ni ji sosai yanzu. Shi kai ta Danwarai, bakin rijiyar su Alu da Hafizu. In ya tarar da su duka biyu, shi kunna musu. In ɗaya yat tarar, shi jira ɗayan."